Mbuna, frontosa ko oska: wanne zaka zuba a babban tankin nan?

Wani abokina ya sayi tankin gilashi na kiwon kifin ado mai tsawon santimita 150, faɗi 60, tsayi 60, wato wajen lita 540 kenan in an cika shi fal, ya kira ni da daddare yana ta zumuɗi wai ya gama zaɓe, zai zuba oska biyu, diskos huɗu, da waɗannan ƙananan masu ruwan ɗorawa da shuɗi na tafkin Malawi da ake kira mbuna kamar goma, sannan ya ƙara da frontosa ɗaya wai saboda kwarjini. Nace masa malam ai filin daga kake shirin haɗawa a falonka. Duk kifayen da ya lissafo siklid ne, dangin karfasa ne gaba ɗayansu, amma dangin nan yana da faɗi, nau'insu ya haura 1,500, wasu daga manyan tafkunan gabashin Afirka, wasu daga kogunan Amurka ta Kudu, wasu daga Amurka ta Tsakiya, kuma ruwan da suka taso a ciki da abincinsu da halinsu duk ba ɗaya bane. Toh tunda tanki ɗaya ne dole a zaɓi gida ɗaya, shi ne nace bari in baje abun a faifai yadda na fahimce shi, ko wani ma zai amfana.

Kafin a zo maganar kifi akwai abu biyu da su ne za su yanke maka rabin hukuncin. Na farko tsawon tankin. Siklid kifin ƙasa ne mai kama waje, kowane namiji so yake ace ga iyakarsa, shi ya sa tanki mai tsawo da faɗi ya fi mai tsayi amfani ko da litarsu ɗaya, in ka cire diskos da enjel da su jikinsu dama a tsaye yake suna son tsayin. Kuma ka tuna lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, lita 540 kilo 540 ne tun ba a sa nauyin gilashi da yashi da duwatsu ba, in na Malawi ne da ake jibga duwatsu abun zai iya haura kilo 700, don haka teburin da zai ɗauka ba na wasa bane kuma dole ya zauna daidai ba karkata.

Na biyu, wanda mutane suka fi tsallakewa, ruwan da kake da shi a gida. Ka nemi ɗan kayan gwajin nan na ɗigo ka auna pH, wato ma'aunin tsamin ruwa wanda ƙasa da 7 tsami ne sama da 7 kuma akasinsa, da nauyin ruwan, ruwa mai nauyi shi ne mai ma'adinai da yawa, wanda zakaga sabulu baya kumfa da kyau a cikinsa kuma yana barin farin dasashi a bakin famfo. Tafkin Malawi ruwansa pH ɗinsa na kaiwa tsakanin 7.8 da 8.6, na Tanganyika ya fi haka ma yakan kai 9 kuma ya fi nauyi, su kuwa kogunan Amazon ruwansu mara nauyi ne mai ɗan tsami, sau da yawa ƙasa da 7. Ƙara wa ruwa nauyi abu ne mai sauƙi, yashin murjani ko dutsen farar ƙasa a cikin tanki ko a filta, na'urar da ke tace ruwan tankin, ya isa. Rage masa nauyi shi ne aiki, sai da injin tace ruwa na musamman da yake cire ma'adinan, kuma duk sati sai ka yi, har abada. Kaga kenan mai ruwa mai nauyi in ya nace sai diskos ya ɗaurawa kansa aiki, mai ruwa mara nauyi kuwa kusan duk ƙofofi a buɗe suke masa.

Bari in fara da mbuna don su ne suka fi jan ido kuma su ne aka fi yin kuskure a kansu. Sunan daga harshen Tonga na mutanen bakin tafkin Malawi ne, ma'anarsa kifin duwatsu, kuma haka suke, a tafkin nan da ke tsakanin Malawi da Mozambik da Tanzaniya suna zaune ne a tsakanin tarin duwatsu suna kankare gansakuka da ƙananan halittun da ke maƙale a ciki. Ba su da girma, yawanci santimita 8 zuwa 15, amma launi kam Allah ya basu, ruwan ɗorawa shar, shuɗi mai zanen baƙi, ruwan lemo, kuma abun daɗin har matan ma suna da launi a nau'o'i da yawa. In kana son tankin da baƙo zai shigo ya tsaya ya ce kai, wannan ne. Ba sa hutawa, kullum a kora suke, wannan ya kori wancan wancan ya shige rami wani ya fito da yashi a baki ya tofar, gidan yawa ne sosai mai cike da rigima.

Dabarar kiwonsu ta saɓa da hankali, ana cika su da yawa ne da gangan. In ka zuba biyar a babban tanki mafi ƙarfin zai zaɓi ɗaya ya bi shi dare da rana har ya kashe shi sannan ya koma kan na gaba, in kuwa su 25 ne ko 30 a tankin lita 540 faɗan sai ya rarrabu, ya fara korar wannan sai wani ya gifta ya manta da na farkon. Ana so namiji ɗaya da mata uku ko huɗu a kowane nau'i, kuma kar ka haɗa nau'i biyu masu kama da juna, duk mai shuɗi da zanen baƙi a tsaye a wajen namijin mbuna kishiya ne. Amma fa yawan kifi yawan kashi ne, filta ɗaya ba za ta ɗauka ba, biyu zaka sa manya, sannan canjin ruwa duk sati kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari ba fashi. Ga wani abu kuma, amoniya da ke fitowa daga kashin kifi ta fi zama guba a ruwa mai pH sama, wato sakacin da oska zai jure a ruwan 6.8 zai iya yi maka ɓarna a ruwan 8.2.

Su ma mbunan ba halinsu ɗaya ba. Labidochromis caeruleus, mai ruwan ɗorawa da baƙin layi a fiffiken baya, shi ne mai sanyin halin cikinsu, da shi ya kamata kowa ya fara. Acei yana yawo a saman ruwa cikin ayari ba ruwansa da rigimar ramuka. Saulosi ƙarami ne kuma garaɓasa ce, mata ruwan ɗorawa maza shuɗi, nau'i ɗaya launi biyu. Demasoni kyakkyawa ne na gaske amma ɗan mitsitsin nan mugu ne ga 'yan uwansa, sai dai ka zuba 12 ko fiye. Shi kuwa auratus da kenyi, ni dai shawarata ka wuce su kamar baka gani ba. Auratus ne ya koya min hankali, na sayo su ƙanana masu ruwan gwal da layi baƙi gwanin sha'awa, bayan wasu watanni namijin ya rikiɗe ya koma baƙi ya kama rabin tankin shi kaɗai, sauran kifayen duk suka taru a kusurwa ta sama bayan bututun filta suna haki, kafin in yi dabarar kama shi sai da na kwashe duwatsun tankin kaf, kuma a lokacin na riga na yi asarar uku.

Abincinsu ma akwai tarko. Hanjinsu dogo ne na masu cin ganye, abinci mai spirulina, wani irin gansakuka, suke so, in ka dinga ɗura musu tsutsar jini da abinci mai maiƙo ga kuma ruwa ba tsafta ga tashin hankali, sai ciwon kumburin ciki ya shigo, wanda ake kira kumburin Malawi, kifi ya daina cin abinci ya dinga farin kashi kamar zare ya kumbura, kuma in ba a yi saurin magani ba kwana kaɗan ne. Tsirrai kuwa ka manta da su sai dai anubiyas ko irin masu taurin ganye da ake ɗaurewa a dutse, su ɗin ma ba tabbas. Sannan duwatsun a kan gilashin ƙasa ake fara dasa su kafin a zuba yashi, don masu haƙa ne, in dutse a kan yashi yake za su rarake ƙarƙashinsa ya rufto.

A tafkin Malawi ɗin dai akwai wani gidan daban wanda ni a ganina ya fi dacewa da mai tankin santimita 150 da bai son hayaniya da yawa, wato Aulonocara da ake kira dawisu, da manyan 'yan uwansu da ake kira hap. Waɗannan ba 'yan rami bane sosai, fili suke so da yashi da 'yan duwatsu kaɗan. Dawisu yana da ƙananan ramuka a ƙasan kansa da yake jin motsin ƙwari a cikin yashi da su, zakaga ya tsaya cak a saman yashi kamar mai saurare sannan ya caka baki. Mazan suna da ƙyalli kamar an shafa musu ƙarfe, ja da shuɗi da ruwan ɗorawa, matsalar ita ce matan duk ruwan toka ne ko ruwan ƙasa kuma kusan kamarsu ɗaya a kowane nau'i, in ka haɗa su za su yi ta barbarar juna su haifo maka gauraye da ba wanda zai iya cewa ga sunansu. Shi ya sa da yawa suke yin tankin maza zalla, ɗaya daga kowane nau'i, kamar 12 zuwa 15, ba mace ba dalilin faɗa mai tsanani. Yana kyau matuƙa amma sai ka haƙura da ganin haihuwa, kuma kullum akwai wanda zai ƙi fito da launinsa saboda tsoron babba, sai ka yi ta cire wannan kana sa wancan har a daidaita. A kula da wani abu a wajen saye, dawisu ɗan santimita 4 da ya riga ya yi launi rangaɗau abin zargi ne, akwai masu basu sinadarin da yake fito da launi da wuri, ka kai gida bayan 'yan makonni ya koɗe, wani ma ashe mace ce.

Cikin hap akwai Cyrtocara moorii mai shuɗi da ƙullutun goshi, da venustus mai zane kamar raƙumin dawa wanda yake kai santimita 25 kuma duk abun da ya shiga bakinsa ya tafi, da livingstonii wanda a tafki yake kwanciya a gefe ɗaya kamar mushe sai ƙananan kifi sun zo dubawa ya cafke. Haɗa dawisu da mbuna ana yi amma yawanci dawisun ne ke shan wuya, sai dai da mai ruwan ɗorawan nan ko acei.

Abun da ya haɗa 'yan Malawi duka, kuma shi ne ya sa na kasa rabuwa da su, shi ne yadda suke haihuwa. Macen ce take kwashe ƙwan a bakinta ta riƙe wajen sati uku bata cin abinci, maƙogwaronta ya kumbura tana ta juya su, ranar da ta sake su zakaga 'yan mitsi-mitsin kifi sun fito da iyonsu. Namijin kuma yana da ɗige-ɗige masu kama da ƙwai a fiffikensa na ƙasa, macen ta kai baki za ta ɗauka a zatonta ƙwanta ne, a nan ne ƙwan da ke bakinta suke samun barbara. Ko sau nawa ka gani baya isarka.

Tanganyika kuma wata duniya ce. Tafkin nan zurfinsa ya kai wajen mita 1,470, Baikal na Rasha ne kawai ya fi shi zurfi, yana tsakanin Tanzaniya da Kwango da Burundi da Zambiya, kuma siklid ɗinsa wajen nau'i 250 ne. Launinsu bai kai na Malawi ihu ba, abun kallonsu hali ne. A tanki mai tsawo zaka iya yin zaman 'yan marina kowa da inda ya sa gaba, a gefe ɗaya ka zuba katantanwa da yawa a kan yashi don multifasciatus, 'yan santimita 4 da suke kwana su yi ƙwai a cikin katantanwa kuma suna kwasar yashi kamar 'yan kwangila, a ɗaya gefen tarin duwatsu don julidochromis ko calvus, a sama kuma ayarin cyprichromis goma sha wani abu suna shawagi. Brichardi yana da wata ɗabi'a mai ban mamaki, yayyen da aka fara haifa suna taya iyaye gadin ƙannensu, sai dai wannan haɗin kan ne yake sa su cinye tankin gaba ɗaya su kori kowa, in zaka sa su ka basu nasu su kaɗai. Ƙurungun tafkin ma akwai, ƙananan Synodontis masu ɗige-ɗige, ɗaya daga cikinsu multipunctatus har wayo yake wa siklid, ya zuba ƙwansa a cikin nasu lokacin da suke haihuwa uwar ta kwashe a baki ta rena masa.

Frontosa shi ne sarkin gidan, fari-shuɗi da baƙaƙen layuka a tsaye, na gaɓar Burundi layi shida, na Kigoma ta Tanzaniya bakwai, ga ƙaton goshi, namiji yana haura santimita 30. Kifin ruwa mai zurfi ne, baya son haske mai ƙarfi, tafiyarsa a hankali kamar mai jin sarauta, ana kiwonsu a garke na shida zuwa takwas namiji ɗaya. Gaskiyar magana santimita 150 ya yi masa kaɗan-kaɗan, 180 ne daidai. Girmansa a hankali yake, sai ka shekara uku ko huɗu kafin ka ga cikar kamarsa, kuma yana iya shekara 15 ko fiye, wato alƙawari ne mai tsawo. Kar sanyinsa ya ruɗe ka, mai cin kifi ne, cyprichromis ɗin da ka sa masa don ado da dare zai dinga ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Haɗa shi da mbuna kuma zalunci ne, kafin ya juyo sun cinye abincin sun kuma tsattsage masa dogayen fiffikensa. Tropheus ban ba sabon shiga shawararsu ba, sai garke na 12 zuwa sama, cikinsu ya fi na mbuna saurin lalacewa, kuma nau'insu duboisi da ake gani ƙarami baƙi da fararen ɗigo kamar taurari in ya girma ɗigon duk ɓacewa suke, mutane da yawa kallon kitse suke wa rogo a nan. 'Yan Tanganyika gaba ɗaya basa son sauyin ruwa na bazata, gara kaɗan-kaɗan a kai a kai.

Mu tsallaka Amurka ta Kudu. A nan tankin kamarsa daban, itacen ruwa da yashi mai laushi da ruwa mai ɗan launin shayi, ba tarin duwatsu ba. Oska shi ne wanda ya fi shiga ran mutane kuma na san dalili, shi kaɗai ne kifin da na taɓa kiwo da nake jin kamar ya san ni, in na shigo ya taho gaban gilashi yana rawar jiki, in baƙo ne ya ja baya, in na canza masa wurin itace ya yi fushi ya kwanta a ƙasa a karkace kamar mara lafiya. Amma ɗan santimita 5 ɗin da ka sayo cikin shekara guda zai doshi 25, ya ƙare a 30 zuwa 35, kuma zai shekara goma ko fiye. Tankin lita 540 oska biyu ne, ƙarshe kenan, ƙila da wani babban kifin ƙasa ɗaya, kuma biyun ma ba tabbas za su shirya don ba a gane mace da namiji da ido. Ƙazami ne wajen ci, rabin abincin ta gefen kunnensa yake fitowa, yana tumɓuke tsirrai, nawa ya taɓa fasa hita da duka sai da na koma sa mata kariya. In ruwa ya daɗe ba canji sai ciwon ramin kai ya kama shi, ƙananan ramuka su fito masa a goshi da gefen ido, ko ya warke tabon yakan zauna. Kuma a daina basu ƙananan kifaye masu rai, cuta kawai ake shigowa da ita, ƙwayoyin abinci masu kyau sun wadatar. Tambayar da zaka yi wa kanka ita ce, ka yarda ƙaton tankin nan ya zama kifi biyu ne kawai a ciki? Wasu sun yarda kuma basu yi nadama ba, wasu bayan wata shida sai ya gundure su.

In kana son Amurka ta Kudu amma da jama'a, geophagus ne amsar, kuma ni a wajena shi ne kifin da aka fi raina wa daraja. Sunan ma'anarsa mai cin ƙasa, yini suke suna ɗibar yashi a baki suna tacewa yana zubowa ta gefen kunne, don haka yashi mai laushi dole ne, tsakuwa tana ji musu ciwo. Garke na shida na irin kogin Tapajos na Brazil mai jan kai, wanda baya wuce santimita 15 da wani abu, da wani siklid da ake kira severum ɗaya ko biyu, da ayarin manyan tetra, wasu kifaye masu yawo a garke, a sama, wallahi tankin nan in ka zauna gabansa bayan gajiyar yini har numfashinka sai ya sauka. Faɗansu na baki ne kawai, ba kisa. Launinsu baya fitowa sai sun girma, ƙananan a shago fari-fari ne ba abun kallo, shi ya sa ake wuce su. Severum dai yana cin tsirrai, a sani.

Diskos kuwa kowa ya gan shi ya so, faifai ne mai launi yana tafiya, kuma 'ya'yansa daga yauƙin jikin iyayen suke fara cin abinci, zakaga sun yanyame uwa ta girgiza su koma kan uba. Amma ruwansa zafi yake so, digiri 28 zuwa 30, alhali 'yan Malawi 24 zuwa 27 ya ishe su, garke na shida zuwa sama, ruwa mai tsafta ƙwarai, masu renon ƙanana har canjin ruwa suke kusan kullum don in ba haka ba sai su tsumbure ido ya yi girma jiki ya ƙi. Matsoraci ne, kifi mai kuzari a kusa da shi hana shi ci yake. Waɗanda aka haifa a gona sun fi na daji jure ruwan famfo, duk da haka ba da shi ake koyon kiwo ba. Enjel ɗan uwansa ne mai sauƙin kai, tankin mai tsayin 60 zai ɗauki garkensu da tsirrai da komai, illa dai in sun girma suna haɗiye ƙananan tetra irin neon.

Na Amurka ta Tsakiya ba zan daɗe a kansu ba. Ruwa mai nauyi suke so, suna da ƙarfi basa saurin ciwo, amma in biyu suka haɗa kai suka yi ƙwai kowa a tankin ya shiga uku. Konvik mai zanen fursuna haihuwa yake kamar ba gobe har ka rasa inda zaka kai 'ya'yan. Meeki mai jan maƙogwaro barazana ce ta fi yawa a wajensa, ya buɗe kunnuwa ya kumbura, shi kam ana iya zama da shi. Jack Dempsey sunan wani ɗan damben Amurka na shekarun 1920 aka sa masa, ka san dalili. Midas na tafkunan Nikaraguwa da fulawahon, wanda shi ba a daji yake ba haɗin masu kiwo ne da ya fito daga Maleshiya, yawanci ɗaya tal ake ajiyewa a tanki kuma yana cizon hannu. Dovii yana haura santimita 60, wannan tankin bai isa ba, a bar maganar.

Akwai wani ma'aunin da ba a cika kawowa ba, me zai faru in wuta ta ɗauke ko ka yi tafiya. Tankin mbuna da aka cika shi ne farkon shaƙewa in filta ta tsaya, na diskos na biye da shi don ruwa mai zafi baya riƙe iska da yawa kuma in ya huce suna jigata, shi kuwa na frontosa shida ko oska biyu yana da ɗan sarari. Ko wanne ka zaɓa ka ajiye ɗan injin iska mai batir. Tafiyar sati ɗaya manyan kifaye masu lafiya za su jure ba abinci, ya fi ka bar wa wanda bai sani ba gwangwanin abinci ya juye musu rabi. Sannan sabon tanki ba a zuba kifi a ranar da aka cika shi, sai bakteriyar da ke mayar da amoniya naitirait sannan naitiret ta zauna a filta, sati huɗu zuwa shida kenan, ka auna ka ga amoniya da naitirait sun koma sifili. Wannan ya fi muhimmanci ga mai mbuna don su ana so a zuba su da yawa a lokaci guda suna ƙanana, in ka dinga ƙara ɗaya-ɗaya duk sabon da ya shigo taron dangi za a yi masa. Ruwan famfo kuma a sa masa maganin kulorin kafin ya shiga, soson filta a wanke shi da ruwan tanki.

Abokin nawa da muka auna ruwansa pH 8 ya nuna kuma mai nauyi, nan take diskos ya fita daga lissafi, geophagus ma na so masa amma ba zan sa shi yaƙi da ruwansa duk sati ba. Frontosa tankin ya gaza da santimita 30. Ya rage oska, wanda zai iya zama a ruwan, da 'yan Malawi. Na tambaye shi me yake so ya gani in ya zauna a kujera, ya ce launi da motsi, kuma yaransa suna son ganin kifi ya haihu, toh kaga tankin maza zalla ma ya fita. Muka tsaya a kan mai ruwan ɗorawa takwas, acei takwas, da wani mai ruwan tsatsa da ake kira sprengerae shida wanda shi ma baya da fitina, da ƙurungu biyar a ƙasa. Saulosi ya so ya ƙara nace a'a, matansa ruwan ɗorawa ne za su rikice da na farkon. Yanzu sati na uku kenan tankin yana aiki ba kifi ko ɗaya sai duwatsu da yashi, jiya ya turo min hoton kwalbar gwaji naitirait ɗin har yanzu shunayya ne, wato bai koma sifili ba, yana tambaya ko zai iya sa ko guda biyu ne kawai. Nace masa ya ƙara sati biyu.